Jiniyar Kakuri ta yi shiru: baitocin tunawa da Injiniya

Abokin aikinsa, daga Barnawa:

Yau kwana 40 da rasuwar Injiniya, abokin aikina a masaƙar Kakuri da ke Kaduna. A wurin addu'a na kasa cewa komai, sai da na dawo gida wannan ya fito. Amsa-amon "ri" ne, wanda zai karɓa ya riƙe shi.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Salati ga Manzo Bahashimi,
Zan tuna aboki kuma malami,
Injiniyanmu na Kakuri.

Tun 1957 aka ɗaura zare,
Zamanin Sardauna aka share
Fili kudu da kogi, aka tare,
Har masaƙu suka cika gari.

Poli ta Tudun Wada ta yaye mu,
Masaƙa ta kira ta haɗa mu,
Audugar Funtuwa ce abincinmu,
Da ta Gusau mai hasken fari.

In inji ya sauya kuka da dare,
Ya kara kunne ya ce a tsare,
"Bel ne ya saki." In an ware,
A tarar da abin da ya ce tun fari.

'Yarsa ta biyu, daga Malali:

Baba, na karɓa. Kun ba mu rabinsa, ga rabin da ke gida.

Ku kun san shi a gaban inji,
Mu kukan motarsa 504 muke jira mu ji,
Mu watso waje kamar 'yan kaji,
Mu tarye shi bakin titi da sauri.

Hannunsa da girisi ko an wanke,
Da shi ya riƙe ni a kan keke,
Da shi ya ɗinke jakata da ta farke,
Hannu ne wanda ba ya mari.

Dangi suka ce mace ina ita ina lissafi,
Ya ce ku bar ta, jami'ar Samaru za ta tafi,
Ya sai da fili, lokacin babu ƙarfi,
Yau ni ke zanen gada da fensiri.

Yaronsa na rumfa, daga Rigasa:

Yaya, Allah ya ƙara haƙuri. Amma ku biyun kun tsallake shekarun wuya, ni kuwa a cikinsu na san Maigida.

Wuta ta ƙaranta, baƙin mai ya yi tsada,
Yadin fasa-ƙwauri ya cika Tudun Wada,
Masaƙu suka rufe, guda bayan guda,
Jiniya ta yi shiru, ba hayaƙi ba tururi.

Shekaru ya yi yana bin haƙƙinsa,
Fayil a hammata, hula a kansa,
Gobe, jibi, har ƙasa ta rufe idonsa,
Ko sisi bai gani ba, sai haƙuri.

Ya kafa rumfa ta kwano da katako,
Ya tara mu, marasa aiki tun farko,
Janareta, famfo, duk wanda aka ɗauko,
Injin markaɗe ma ya san shi da kyau, ba garari.

In na ɗaure noti da ƙarfin tsiya,
Ya ce kwance, ƙarfe ma yana jin wuya,
In mai markaɗe ta zo ba ta iya biya,
Ya ce tafi, ki kawo mana ko gari.

Abokin aikinsa ya sake karɓa:

Yaro, gaskiya ka faɗa, da ni aka yi jerin gwanon. Sai dai kada masu karatu su zaci da ƙunci ya tafi.

Ranar da muka dawo hannu rabbana,
Ni ina zagi, shi yana ta'aziyyar juna,
Ya ce tashi mu je, an kira sallar rana,
Wanda ya ci namu zai amsa a kabari.

Maiɗakinsa, ta hannun 'yarta:

Inna tana takaba, ba ta riƙe waya. Na karanta mata duka, ta yi kuka, sannan ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa.

Na gode muku, Allah ya saka,
Malam ya bar ni da gida ba ɗigon damina a ɗaka,
Ko ƙofa ta yi ƙara shi ke duba ta da kansa haka,
Yanzu tana ƙara, na bar ta, ina zikiri.

Atamfar da ya kawo ran da na haihu na fari,
Saƙar injinsa ce, tana nan cikin adiko fari,
Ba ta koɗe ba, ban ba kowa ba ko aro na gari,
Ita zan ba jikarsa ran ɗaurin aure da alheri.

Kai kuma ɗana na Rigasa, ka zo ran Juma'a,
Akwatin sifanunsa na nan, ba a taɓa ba ko sa'a,
Akwai injin wata baiwar Allah a cikin jama'a,
Ya kwance bai haɗa ba, ka haɗa mata da wuri.