C ya cika: a mai da wurin saka manhaja D ko a bari?

Mai Kafe, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum jama'a. Ni dai duk kwamfutar da ta shigo hannuna, ɓangaren ajiya na D nake mai da wurin saka manhaja, maimakon C inda Windows take. Ka shiga rajistiri, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ka canza ProgramFilesDir, saitin da ke nuna inda manhaja ke sauka, daga C zuwa D, shi ke nan. C ya sami sarari, kwamfuta ta ƙara sauri, ran da aka yi fomat kuma manhajojinka suna nan lafiya lau. Mai ja ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Oga, da girman kujerarka, sararin kaɗai na yarda da shi. Manhaja in ana saka ta, ba foldarta kawai take ajiyewa ba. Tana rubuta bayananta a rajistiri, ta zuba wasu fayiloli a AppData da ProgramData, duk kuwa a C suke. Ka goge C ka ɗora sabuwar Windows, za ka tarar da foldar CorelDRAW zaune a D ba abin da ya taɓa ta, amma ka danna ta ƙi tashi. Dole a sake sakawa.

Mai Kafe: To ai na sha ganin waɗanda suka tashi bayan fomat.

Injiniya: Ƙananan ne, da irin waɗanda dama ake yawo da su a filash. Gwada da Office ka gani.

Ɗan Daura: Ku bar ni da maganar sauri. Yawancin laftof Beljiyam da ake kawo mana faifan ajiya na HDD ɗaya ne mai giga 500, an raba shi C da D. Ɗaki ɗaya ne aka ja labule a tsakiya, ina saurin zai fito? Mai SSD (ma'ajiya mai sauri) giga 128 a C da HDD tera ɗaya a D kuwa, in ya kai manhaja D, ya ɗauke ta daga mai gudu ya kai ta ga mai jan ƙafa.

Malama: Don Allah ku taimaka min kafin ku ci gaba da faɗanku. Nawa C ɗin ya cika har ya yi ja. Na shiga Settings, System, Storage, na zaɓi D don sababbin manhajoji, amma da na saka Chrome da Office duk C suka tafi. Ko ban yi daidai ba ne?

Injiniya: Daidai kika yi, Malama. Wannan saitin manhajojin Microsoft Store kaɗai yake yi wa aiki. Waɗanda kika sauko da su daga intanet ba ruwansu da shi, kuma Chrome da Office na yanzu ba sa ma tambaya, C suke nufa kai tsaye.

Mai Kafe: Yauwa! Dalilin rajistirin ke nan.

Injiniya: Oga, Microsoft da kansu sun ce ba sa goyon bayan canza ProgramFilesDir, don yana iya lalata sabuntawa da gyaran manhaja. Ga shi a Windows mai 64-bit ProgramFilesDir ba guda ɗaya ba ce, akwai ta x86 daban, wato ta manhajojin 32-bit. Ka canza ɗaya ka bar ɗaya, manhaja ta rarrabu. Tsofaffin gajerun hanyoyi (shortcut) kuma su je D neman abin da ke C. Matsalar ba ran nan take fitowa ba, sai bayan wata biyu, kwastoma ya dawo yana cewa ka lalata mashi na'ura.

Ɗan Daura: Amma kada a mai da Oga kamar bai da gaskiya ko kaɗan. Windows 11 kanta giga 64 take nema kafin ta hau. Ɗalibin Poli mai SSD 128 ya ƙara AutoCAD da wasan ƙwallo, me ya rage? Ni manyan nake kaiwa D, amma ɗaya bayan ɗaya, lokacin sakawa, inda ake zaɓen folda. Wasannin Steam, manhajar sauko da wasanni, ma ko an yi fomat sai ka nuna mashi foldar ya gane abinsa, ka huta da sayen data.

Injiniya: Wannan ba ni da ja. Malama, ke kuma ba manhaja ce ta cika miki C ba, ina kyautata zato. Danna dama a kan Downloads, ki shiga Properties, Location, ki mai da ta D. Haka Videos da Documents. In kuma kwanan nan aka hau da ke Windows 11, tunda an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, duba ko akwai Windows.old, foldar tsohuwar Windows. Tana cin wuri sosai. Bayan kwana 10 takan goge kanta, in ba ta tafi ba Disk Cleanup zai cire ta.

Malama: Ikon Allah, Downloads kaɗai bidiyon biki ne fal. Na gode, Allah ya saka.

Mai Kafe: Duk na ji, amma injinan kafe ɗina a haka suke aiki. Injiniya, ka zo Asabar bayan la'asar da filashinka, mu yi wa ɗaya fomat a gabanka.

Injiniya: Zan zo in sha Allahu. Ka dai fara kwashe furojet ɗin ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke kai, kada su biyo ni gida.