Awon tsohon gida a Birni: na'urar leza ta hannu ko mai ƙafa uku?

Magini_TudunWada:
Assalamu alaikum malamai. Akwai aikin gyaran wani tsohon gidan ƙasa a Birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka: zaure mai bakan gizo, shigifa, ɗakuna goma sha huɗu, da soro ɗaya na sama. Babu zanen gidan ko ɗaya, kuma rufin zauren ya fara tsagewa. Za a ɗauko hayar na'urar leza ta awo. Wacce ta fi dacewa, wadda ake riƙewa ana tafiya da ita, ko wadda ake kafawa a kan ƙafa uku?

Safiyo_Samaru:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ka fara duba abin da za a yi da awon. Idan zanen shimfiɗar gida ake so a ma'aunin 1:100 (santimita 1 a takarda daidai da mita 1 a ƙasa), kuskuren santimita 2 ba zai ma fito a takarda ba, ta hannu ta wadatar. Irin su ZEB Horizon ta GeoSLAM daidaitonsu yana tsakanin santimita 1 zuwa 3, kuma za ka zaga gidan nan cikin ƙasa da awa ɗaya.

Amma zauren nan da ya tsage, a'a. Can so ake a san nawa bakan ya sauka, kuma ko bangon ya fara buɗewa waje. Wannan lissafin milimita ne. Mai ƙafa uku irin Leica RTC360 tana ba da kusan milimita 2 a nisan mita 10, kowace kafawa ba ta cika minti biyu ba. Matsalarta yawan kafawa: leza ba ta ganin abin da ke bayan ginshiƙi, don haka kowane ɗaki sai an kafa sau ɗaya ko biyu, a kuma kafa a bakin kowace ƙofa don ɗaki ya haɗu da tsakar gida. Gida irin wannan zai iya cin kafawa 50 zuwa 60, wuni guda ke nan. Kowace kafawa ta ga aƙalla kashi 30 cikin 100 na abin da wadda ta gabace ta ta gani, in ba haka ba manhajar za ta kasa haɗa su.

Ni dai shawarata a yi amfani da duka biyun: mai ƙafa uku a zaure, shigifa da soron sama, ta hannu a sauran. Bayan ruftawar wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agustan 2023, bai kamata a riƙa yi wa tsagar rufin ƙasa awon ƙiyasi ba.

Hajiya_MaiZane:
Malam Safiyo ya yi gaskiya. Bari in ƙara kan ta hannu, don a nan aka fi yin ɓarna. Ita ba ta san inda take ba, da siffar abin da ke kewaye take gane tafiyarta, abin da ake kira SLAM. In ta shiga dogon lungu mai santsin bango, hagu da dama duk iri ɗaya, sai ta fara zamewa, a wayi gari bango ɗaya ya fito biyu a kwamfuta, ko gidan ya lanƙwashe kamar ayaba. A irin wannan lungu a ajiye kujera, turmi ko buhu duk bayan mita 4 ko 5.

A buɗe duk ƙofofi, a ɗaga labule da asabari kafin a kunna ta, kada a taɓa komai sai an gama. A bakin ƙofa a rage sauri, a shiga a karkace yadda za ta ga ɗakin da tsakar gida lokaci guda. Ƙofofin gidajen ƙasa gajeru ne, mai riƙe da ita yana sunkuyawa da sauri sai ta rikice. Kowane zagaye kada ya wuce minti 20, kuma a ƙare daidai inda aka fara. A rufe madubi da zane, yana ƙirƙiro ɗakin da babu shi.

Sannan Injiniya, gida ne mai iyali. A nemi izinin maigida kan lokacin shiga cikin gida, a kuma kashe kyamara a ɗakunan mata, siffar bango ake nema ba hotonsu ba.

Magini_TudunWada:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To yaya za a haɗa awon na'urori biyu ya zama ɗaya?

Safiyo_Samaru:
Da alamomin awo. A manna takardu masu darar baƙi da fari guda 6 zuwa 8 a wurare daban-daban, wasu sama wasu ƙasa, kada su jeru a layi ɗaya. A auna su da total siteshan (na'urar safiyo mai auna nisa da kusurwa), na'urori biyun kuma duk su gan su. A ware biyu kada a sa su a lissafi, da su za a gwada aikin daga baya. Yaɓen ƙasa ba ya riƙe salatif, a manna a katako a kafa da ƙusa.

Kada a ɗora awon ginin kai tsaye a kan UTM shiyya ta 32, wato tsarin lambobin taswira da Zariya ke cikinsa. A Zariya hakan yana rage tsayi da kusan santimita 2 da rabi a kowace mita 100. A yi shi da awon ƙasa na zahiri, in ana so a ɗaura shi da taswira daga baya.

A guji ranar ƙurar hunturu mai kauri da tsakar ranar Afrilu, don RTC360 iyakar zafin da take jurewa digiri 40 ne. A zo da batira a cike. Ka kuma sa a yarjejeniya cewa za a ba ka fayil na E57 (nau'in fayil ɗin da ake adana awon leza) tare da rahoton haɗa awon, don ka buɗe shi da manhajar CloudCompare, wadda kyauta ce, ka yanka zauren a tsaye ka ga yadda bakan yake kafin ka biya ragowar kuɗi.