Neman Kalma: Na Tsaya a Kan "Tankaɗen Hujjoji"

Assalamu alaikum. Mako guda ke nan da na kawo muku kukana a kan wata kalma, wato sunan da za mu ba aikina da Hausa. Yau na dawo in faɗi inda na tsaya, da abin da ya sa na ajiye wasu shawarwarin duk da kyansu.

Ga wanda bai ga farkon maganar ba: ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Bauchi, amma shekara biyu ke nan rabona da sirinji. Aikina yanzu shi ne abin da Turawa ke kira sistamatik ribiyu. Goggona ta zo daga Darazo ganin likitan ido, ta kwana uku a wajena, kullum tana ganina a gaban kwamfuta. Rana ta uku ta ce, "'Yar nan, ko dai sallamar ki aka yi daga asibitin kike ɓoye mana?" Na ce, "A'a Goggo, bincike nake yi." Ta ce, "Binciken me, ba jini ba majinyaci?" Na buɗe baki in ba ta amsa, na rasa kalma. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Sana'ar da ba ta da suna a bakin iyaye, ta yaya yaro zai taso yana sha'awarta?

Ga yadda aikin yake. Tambaya ɗaya tak ake ɗauka, a ƙayyade ta. Misali: yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, allurar atesunet ce ta fi ceton ransa ko ta kwinin? Kafin a buɗe ko takarda ɗaya, sai an rubuta sharuɗɗan aikin, wato inda za a nema, irin binciken da za a karɓa da wanda za a ƙi, a yi musu rajista a bainar jama'a, don kada mutum ya hango sakamako sannan ya sauya mudu. Daga nan a kwaso duk abin da aka taɓa wallafawa a kan tambayar, sau da yawa takardu dubbai. Mutum biyu ne ke duba kowace takarda, kowa shi kaɗai; in sun saɓa, na uku ya raba gardama. Abin da ya tsira, watakila goma ko ashirin, shi ake yi wa karatun ƙwaƙwaf: yaya aka raba majinyata gida biyu, da ƙuri'a ko da son ran likita? Nawa ne suka ɓace kafin a gama? Wa ya biya kuɗin binciken? Sai a haɗa alƙaluman, a faɗi abin da suka nuna da iya ƙarfinsa.

To, me za mu kira wannan?

Mafi yawanku "bita" kuka ce. Na gode, amma kalmar ta riga ta yi aure. Duk ma'aikacin da ya ji bita, taron ƙara wa juna sani ne zai faɗo masa a rai, ɗalibi kuma ya tuna daren jarrabawa. "Nazari mai tsari" fassara ce ta kalma da kalma, kuma wane mai nazari ne zai yarda nasa ba shi da tsari? "Sharhi" kam ban ma tsaya a kai ba, domin ra'ayin mutum ɗaya ne, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro wannan aiki don a rage dogaro da shi.

"Tacewa" ta ja hankalina, har na sa ta a rubutuna na farko. Sai wani ɗan jarida ya tuna mini da tace fina-finai da tace labarai. Gaskiya ce. Bahaushe in ya ji an tace magana, abin da yake ɗauka shi ne an cire wadda hukuma ba ta so. Mu kuwa babban zunubi a wajenmu shi ne ɓoye binciken da sakamakonsa bai yi mana daɗi ba.

Wadda ta fi ba ni wahalar ajiyewa ita ce ta wani malami daga Gombe, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce "tarjihi", wato yadda malaman fiƙihu ke rinjayar da magana a kan magana bisa ƙarfin dalili. Ya ƙara da cewa malaman hadisi sun daɗe suna bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, su ce wannan ingantacce ne, wannan mai kyau, wannan mai rauni. Malam, wallahi ka taɓo wuri. Mu ma hujja hawa huɗu muke ba ta: mai ƙarfi, matsakaiciya, mai rauni, da mai rauni ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da wannan ma'aunin take aiki. Amma abu biyu suka hana ni. Na farko, kalmar tana da alfarmar addini, kuma hukuncinmu yana iya rushewa gobe in sabon bincike ya fito. Ba na son a ɗauka magana ce da ba a taɓawa. Na biyu, Hausa a jihohin nan namu ta kowa ce. Nas ɗin da ke Bogoro ko Ɓilliri ko Kaltungo da Hausa take yi wa majinyata bayani, ina son kalmar da za ta zauna a bakinta ba tare da an yi mata fassara ba.

Amsar daga wata ungozoma ta zo, babbar yaya ce a aikin, daga Azare. Ta ce, "Ƙanwata, ai abin da kika kwatanta tankaɗe da rairaya ne." Na karanta na sake karantawa. Tankaɗe shi ne zagayen farko: ka zuba da yawa, gari ya wuce, tsaki ya tsaya, kamar yadda muke bin kanun takardu da taƙaitawarsu muna ware wanda bai shafi tambayar ba. Rairaya kuwa sai an natsu. Mace ta zuba hatsi a ƙwarya da ruwa, tana juyawa a hankali har yashi da tsakuwa su kwanta a ƙasa, waɗanda ido bai gani ba tun farko. Haka karatun ƙwaƙwaf yake. Takarda za ta zo da sunan babbar jami'a, sai ka shiga cikinta ka tarar da tsakuwa. Kuma mai tankaɗe ba ta zubar da tsaki a ɓoye, yana nan a gefe kowa na gani. Mu ma dole mu rubuta takarda nawa muka cire da dalilin cire ta.

Saboda haka: aikin, tankaɗen hujjoji. Mai yin sa, mai tankaɗen hujjoji. Kada a ce "matankaɗi", wannan sunan kayan aikin ne. Na zaɓi "hujja" a kan "shaida" don shaida ta fi kusa da kotu da satifiket, hujja kuwa da ma ana cewa tana da ƙarfi ko tana da rauni. Takardar da kwamiti ke fitarwa bayan an gama, mu ce jagorar jinya, ba doka ba, tunda likita na iya kauce mata in halin majinyacinsa ya buƙaci haka.

Wani ya ce mini wahalar banza nake, a bar kalmar da Turanci. Ɗan'uwa, dubi abin da aikin nan ya riga ya shigo da shi gidanka. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 bayan an tattara gwaje-gwajen da suka nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin ɗari. Tambayar atesunet da na kawo a sama ma ba ƙirƙira ba ce: a 2010 aka fitar da sakamakon gwaji a kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, aka ga mace-mace sun ragu da kashi 22.5 cikin ɗari in an kwatanta da kwinin, aka sauya jagorar jinya. Uwar da ake ce wa ta ba ɗanta magani alhali lafiyarsa lau tana da haƙƙin a gaya mata, da yarenta, yadda aka yi aka sani.

Sannan sana'a ce, kuma ba ta likitoci kaɗai ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 da sunan likitan nan ɗan Sikotilan Archie Cochrane, aikinta ke nan, kuma reshenta na Najeriya yana Kalaba. Ingila tana da hukuma guda, NICE, tun 1999, mai fitar da jagorar jinya. A irin waɗannan wurare za ka tarar da nas, da masanin magunguna, da masanin ƙididdiga, da masanin tattalin arzikin lafiya, har da ma'aikacin laburare, don iya nemo takardu fanni ne mai zaman kansa. Hanyar da aka fi bi ita ce digiri na biyu a lafiyar al'umma ko ilimin yaɗuwar cututtuka. Muna da asibitin koyarwa a Bauchi, muna da shi a Gombe, muna da ɗalibai masu kaifin kai. Tambayoyinmu kuma jibge suke: me ke sa mace ta je awo amma ta haihu a gida? Me ke riƙe ma'aikaci a asibitin karkara? In ba mu tankaɗe hujjojin waɗannan da kanmu ba, wanda bai taɓa taka hanyar Ningi da damina ba shi zai rubuta mana jagora.

Saura kalma ɗaya da ta gagare ni, wadda Turawa ke kira bayas. An ce "son zuciya", amma sau da yawa mai binciken bai yi da gangan ba, tsarin aikin ne ya jirkice, kamar sikelin da ya karkace mai shi bai sani ba. Ina tsakanin "karkata" da "jirkita". Malaman Hausa, musamman na jami'o'inmu na Gadau da Gombe, wacce ta fi?