"Abincin wani gubar wani": har da zalunci a ciki?

Bakatsine: Jama'a, ana yawan jefo wannan karin magana don a kashe muhawara, wai babu daidai babu kuskure, kowace al'umma da nata. Anya haka magabata suka nufa?

Malamar Falsafa: Masu wannan ra'ayi hujjarsu tsohuwa ce. Herodotus, marubucin tarihin Girka na zamanin da, ya ruwaito cewa Sarki Dariyus na Farisa ya tambayi Girkawa nawa zai ba su su ci gawar iyayensu, suka ce ko nawa ne ba za su yi ba. Ya kira wata ƙabilar Indiya mai cin gawar iyaye, ya ce nawa za su karɓa su ƙona ta yadda Girkawa ke yi, suka sa ihu. To amma a lura, dukkansu girmama mahaifi suke nufi, hanyar ce ta raba su.

Ɗan Agadas: Malama, kin zaɓi mai sauƙi. Tagwaye fa? Lokacin da 'yar mishan Mary Slessor ta isa Kalaba a 1876 ana kashe su a yankin, alhali Yarbawa na ɗaukaka su, mu kuma muna murna da Hassan da Usaini. Wane ma'auni ne ya haɗa waɗannan?

Malamar Falsafa: Sai a warware abin daki-daki. Da farko a raba abin da mutane suka yarda ya faru da abin da suke darajantawa. Can an yi imani cewa ɗaya daga cikin jariran ɗan mugun iska ne, zai jawo wa gari bala'i. Kuskuren a sani yake, ba wai ran yaro ba shi da daraja a wurinsu ba. Sannan a tambayi wanda abin ya faɗa wa, ba sarki ko boka ba, uwar da aka kora daji. Daga nan a juya: mai hukuncin zai yarda a yi wa nasa? Inda ake zamewa shi ne a ɗauka saɓani ya nuna babu gaskiya. An daɗe ana saɓani kan sababin zazzaɓin cizon sauro, sababin kuwa bai taɓa canzawa ba.

Ɗan Agadas: Sauro ana kama shi a duba a madubin likita. "Bai kamata ba" a ina za a duba shi? Masanin falsafa David Hume ya nuna ba a ciro "ya kamata" daga "haka yake" kai tsaye. Ko duk duniya ta haɗu a kan abu, yarda ce kawai.

Almajirin Usulu: Malamanmu sun riga sun sha wannan gumurzu a babin husnu da ƙubhu, wato kyawun aiki da muninsa, inda mazhabobin aƙida suka rabu. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar, suka ce zalunci mummuna ne a kan kansa, hankali na gane shi tun kafin wahayi. Imam Ash'ari, wanda ya rasu a 324 bayan Hijira, mazhabarsa ta ce shari'a ce ke tabbatar da hukunci. Amma kada a yi musu ƙage. Ash'ariyya ba su musa cewa hankali na gane ilimi kamala ne, jahilci tawaya ba. Rigimar a kan lada da azaba take. Maturidiyya suka tsaya a tsakiya. Babu ko ɗaya da ya ce al'adar gari ce ke halatta jini. Ayar Suratut Takwir ma jaririyar da aka binne da rai ake tambaya, da wane laifi aka kashe ta, kuma binnewar al'ada ce a wasu ƙabilun Larabawa.

Hajiya Mai Nazari: Ni a ganina karin maganar tana da hurumi, an dai fitar da ita daga gonarta. Fiƙihun Malikiyya ya ba al'ada wuri babba: yawan abin ciyar da iyali, tufafi, yadda ake ciniki, duk ana komawa ga urfi, wato al'adar gari, da sharaɗin kada ya ci karo da nassi. Lefe al'ada ce, a rage ko a bari. Sadaki haƙƙin mace ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, ba garin da zai taru ya soke shi. A kan irin lefe ake cewa abincin wani gubar wani. Wanda ya karanto ta a kan cin dukiyar maraya ya zalunci karin maganar da marayan gaba ɗaya.

Ɗan Agadas: Hajiya, na yarda da iyakar. Amma wanda bai yarda da nassi ba, bai kuma yarda hankali na ganin mummuna ba, da me za a kama shi?

Almajirin Usulu: A bari a danne masa gadonsa a kotu, a saurari abin da zai ce. Ba zai ce "ban ji daɗi ba", cewa zai yi "an zalunce ni", yana kuma sa ran alƙalin da bai san shi ba ya ga hakan.