"Fan belt": fambel za mu bari ko akwai abin da ya fi shi?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ana fassara littafin kula da tsofaffin motocin Volkswagen irin waɗanda Turawa ke sa wa gado da murhu su yi yawon buɗe ido, wato T2 da T3. An tsaya a kan "fan belt" da "overheating". An kawo ɗamarar inji, an kawo igiyar fanka. Masu gareji, me kuka gani?

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗamara a kugu take, ba ta juya komai. Igiya kuma ka faɗa wa mai sifaya ya miƙo maka ta ɗaurin kaya. Bel ya zauna a bakin mutane, a bar shi. Fambel ɗin ne nake da ja a kai.

Mai Fassara: Me ya sa, Oga?

Bakanike: A T2 mai inji 1600, wanda iska ke sanyayawa, sunan ya dace. Bel ɗin yana juya dainamo, fankar kuma a bayan dainamon take. Ya tsinke, iska ta tsaya. Amma T3 mai ruwa, da aka fara wajen 1982, lagiretonta a gaba yake, inji a baya, fankar ta lantarki ce. Can bel ɗin famfon ruwa yake juyawa da altaneta. Direba ya ji fambel, ya ji fanka na ta ƙugi a gaba, sai ya ce lafiya lau, alhali ruwa ya daina zagayawa.

Mai Wayarin: Ga shi alamar ma tana ruɗarwa. Jar fitilar batir ce ke fara kamawa, mutum ya ɗauka caji ne kawai. In ta kama ana tafiya, a sauka gefe, a kashe inji nan take, a leƙa bel. Mintuna kaɗan sun isa gasket ya ƙone. Kada a buɗe murfin tankin ruwa sai an ba shi kamar rabin awa, kada kuma a sheƙa ruwan sanyi a kan inji mai zafi.

Bakanike: Kafin a sa sabo a juya kowane fuli, wato faifan da bel ke hawa, da hannu. In na altaneta ko na famfo ya cije ko yana girgiɗi, boris ne ya mutu, sabon bel ɗin ma zai bi na farko. A duba ko baƙin mai na ɗiga a kansa. Bayan ɗauri a danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa milimita 10 zuwa 15. Ya yi sako-sako ya riƙa santsi yana kuka, ya yi tauri ya cinye boris. A 1600 da ƙananan washa ake saita shi tsakanin ɓangarorin fuli biyu, ka cire ɗaya ya ƙara tauri. T3 kuwa tana shan ruwa kusan lita 17, in ta zubar sai an ɗaga gabanta an fitar da iska ta noti na saman lagireto.

Mai Sifaya: To a kira kowane bel da aikinsa mana. Bel ɗin fanka a T2, bel ɗin famfon ruwa a T3. Taiminbel, mai daidaita tafiyar bawul da fistin, a bar shi daban, na T3 mai dizal ne, in ya tsinke fistin ya daki bawul. Galibin masu fetur ba su da shi.

Mai Fassara: Na karɓa. Saura "overheating". Tafasa?

Bakanike: T2 mai iska ba ta da ruwan da zai tafasa, Malam. Ɗaukar zafi ya haɗa duka biyun. Tafasa a ajiye wa lokacin da ruwa ke tsartuwa daga tanki.

Mai Fassara: An rubuta: bel ɗin fanka, bel ɗin famfon ruwa, taiminbel, ɗaukar zafi. Motar kanta kuma motar zango zan sa, sai in wani ya zo da wanda ya fi.