Neman kalmar Hausa: "takedown" da "sparring" a jiyu-jitsun Birazil

Na Mabera: Salamu alaikum. Masu koyar da jiyu-jitsu, wani nau'in kokawa, a nan Sakkwato suna ta cewa "takedown" da "sparring", yara na maimaitawa ba su san ma'ana ba. Na farko shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa daga tsaye. Na biyu kuwa kamawar da ake yi a ƙarshen horo, minti 5 ko 6, kowa na ƙoƙari da gaske amma ba gasa ba ce. Me za mu kira su?

Ɗan Gawon Nama: Wa alaikumus salam. Na farko ai muna da shi tun kaka da kakanni, kaye. Sai dai a ja kunnen yara. Ga kokowa tamu in anka kada mutum wasa ya ƙare, ga jiyu-jitsu nan ne aiki ka farawa. Dokar IBJJF, hukumar jiyu-jitsun Birazil ta duniya, maki 2 ta ba kaye, kuma sai ka riƙe mutum ƙasa daƙiƙa 3 kafin alƙali shi ba ka. Wanda ya saba da kokowa yana kayarwa sai shi miƙe shi ɗaga hannu, maki ya salwanta.

Malamin Horo: Kaye ya zauna. A raba shi: wanda ake yi da ƙafa taɗiya ne, wanda ake rungumo ƙafafu biyu kuma kwasar ƙafa. Ita kwasar ƙafa a gwiwa ake rage tsawo, ba a ƙugu ba. Ka jefa ƙafar gaba tsakanin ƙafafunsa, gwiwarka ta taɓa katifa, kanka a ɗage, kunnenka manne da haƙarƙarinsa, hannuwa a bayan gwiwoyinsa. Sannan ka jawo ƙafar baya ka tura shi gefe da kanka. Mai sunkuyar da kai wuyansa yake miƙawa a shaƙe shi a hammata. Mai zabura daga nesa kuwa, abokin zai watsa ƙafafu baya ya sakar masa nauyin ƙugu. Sai hannunka na iya taɓa shi za ka shiga.

Na Runjin Sambo: Malam, na ƙafa ɗaya fa? Ni da an ce langa, tunda wanda aka riƙe wa ƙafa tsalle yake yi da ɗayar.

Malamin Horo: Madalla da langa, yaro zai gane nan take. A matse ƙafar tsakanin cinyoyi, goshi a ƙirjinsa.

Na Mabera: Saura ta biyun. Wasu na cewa birgima.

Ɗan Gawon Nama: A'a ɗan'uwa, birgima ba ta nuna mutum biyu ne ke neman juna. Gwada ƙwanji ma ban so ba, don ita ce ke sa yaro shi zo da ƙarfi duka, nan ne gwiwa da kafaɗa ka gocewa. Kokowar gwaji ta fi.

Malamin Horo: Na goyi baya, Yallaɓai. Maimaita dabara ba tare da turjiya ba kuma a ce bita: sau 10 dama, sau 10 hagu, sannan abokin ya fara turjewa kaɗan-kaɗan, sannan a shiga kokawar gwaji. Kada a bar sabon shiga ya fara daga tsaye sai ya iya faɗuwa: haɓa a ƙirji, a bugi katifa da hannu a miƙe, ba a tokare ƙasa da tafi, domin ta haka ake karya wuyan hannu. Ɗaga mutum a maka shi da ƙasa haramun ne a gasar IBJJF, haka ma kayen almakashi, wato matse mutum tsakanin ƙafafunka biyu ka kayar da shi, da ke lanƙwasa gwiwa. In an shaƙe ka ko an murɗe maka hannu, ka bubbuga jikinsa, shi kuma ya saki nan take.

Na Runjin Sambo: Wannan bubbugawar mu ce sallamawa. Zan rubuta su a allon ɗakin horo: kaye, taɗiya, kwasar ƙafa, langa, bita, kokawar gwaji, sallamawa.