Faifan Blu-ray na gwanjo a jaka uku da rabi: in saya ko in haƙura?

Ɗan Bakin Binuwai, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin Asabar.

Akwai wani mai shagon gwanjo nan Garwa, irin masu sauke kaya daga Duwala, firiji da tukwane da keken yara. Jiya na je neman dutsen guga sai na hango kwali a ƙarƙashin tebur, cike da fayafayan fim masu shuɗin gida, Blu-ray, daga Faransa. Sun haura 60. Ɗaya har da takardar farashi a manne, Yuro 19.99, wato ya ɗan haura sefa 13,000. Ya ce 3,500 kowanne, in na ɗauki goma zai bar mini a 2,500.

Abin da ya ɗaure mini kai, a bakin babbar kasuwa yara na sayar da wani, shi ma an buga Blu-ray a jikinsa, sefa 500, fim goma sha biyu a ciki. Na taɓa saye, fuskokin mutane kamar an watsa musu kunu. To na gwanjon nan daban ne, ko duk kanwar ja ce? Ina da talabijin inci 43 da PS4, na'urar wasan nan mai karanta Blu-ray, wadda ƙanena ya bar mini da zai tafi karatu Ngaundere.

Mai Gyaran Rediyo, Marwa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Na 500 ɗin nan DVD ne aka sa wa shuɗiyar riga. DVD yana ɗaukar giga 4.7, in mai hawa biyu ne 8.5. Raba wannan wa fim goma sha biyu ka ga abin da kowanne ya samu. Shi kuwa Blu-ray na gaskiya giga 25 ne ko 50, kuma fim ɗaya tal ake zuba masa, shi ya sa za ka ga har zaren rigar mutum.

Gwajin ba wuya. Nemi tsohuwar na'urar DVD ka saka faifan. In ya yi, jabu ne, don jan hasken DVD ba ya iya karanta Blu-ray ko kusa. In ya ƙi, to ka fara murmushi.

Amma ga inda mutane ke ƙonewa. Juya bayan gidan faifan, can ƙasa za ka ga harafi, A ko B ko C. An raba duniya uku ne: A na Amurka da Japan, B na Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa, C na Indiya da Sin da Rasha. Na Faransa B ne. PS4 ba ta damu da yanki ba in wasa ne, amma in fim ne tana bin ƙasar da aka yi ta dominta. Duba lambar CUH da ke jikinta. In ta ƙare da 16, kamar 2216, ta Turai ce, ka tsira. In 15 ce ta Amurka ce, faifan da aka kulle a B zai nuna maka rubutu kawai ya yi shiru. Wani direba ya kawo mini tasa bara wai ta lalace, na kwance ta kaf, ashe lafiyarta lau, daga Amurka take. Har yau ina jin kunyar kuɗin aikin da na karɓa.

In ba a taɓa kallon fim a kanta ba, sai ka haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta yarda. Kuma in ka ga baƙin gida an rubuta 4K Ultra HD, bar shi, PS4 ba ta karanta wannan.

Na Kan Gada, Kuseri

Malam, wa ke sayen faifai yanzu? Jaka ashirin da biyar fa! Kai memori wajen masu tura fim, da 100 ko 200 a cika maka. Ko Samsung sun bar fitar da sababbin na'urorin kallon Blu-ray a Amurka tun 2019. Sannan fim ɗin Hausa fa? Ko na Indiya mai fassara? Babu ko ɗaya a kwalin nan, na rantse. Faransanci ne da Turanci. Ranar da idon na'urar ya mutu saboda ƙurar hunturu, ka mai da su madubi.

Mai Gyaran Rediyo, Marwa

Na Kan Gada, maganar fassara ka yi gaskiya. Amma fim ɗin memori mai mega 700 a waya yake kyau. Ɗora shi a inci 43 cikin dare, wurin da aka yi duhu a fim ɗin ka ga yadda baƙin ke fashewa gida-gida.

Maman 'Yan Biyu, Ngaundere

Ni ba ruwana da giga. Na sayi guda huɗu na zanen yara a gwanjo saboda Faransancin, malamarsu ta ce kunnensu na buƙata. Wallahi ɗaya sun kalla ya fi sau talatin, har na haddace waƙar ciki ba da son raina ba. Ba kuɗin data, ba talla, kuma ba sa zamewa su faɗa wani bidiyon da ban sani ba. A wurina wannan ya biya kuɗinsa. Fim ɗin da za ka kalla sau ɗaya kuwa, ko 1,000 ban ba da ba.

Malam, buɗe kowane gida a gabansa. Ni na zo gida na tarar ɗaya wayam, wani kuma DVD ne a ciki. Kuma kada ka yarda da 2,500. Kayan nan a kwali ya same su cikin tarkace, kuma mutum nawa ne a Garwa ke da abin kallonsu? Kai yake jira. Fara masa da 1,000, ka yi kamar za ka tafi.

In ka saya kada ka bari a cikin mota ko ƙarƙashin kwano, zafin Garwa na watan Afrilu zai lanƙwasa su kamar tuyar masa.

Ɗan Bakin Binuwai, Garwa

Allah ya saka da alheri. Lambar tawa 2116 ce, Alhamdu lillahi. Hajiya, na bi shawararki, sai da na kai bakin titi na tare mai babur kafin ya kira ni. Mun ƙare a 1,500, na ɗauki shida, biyu na yara, uku na yaƙi, ɗaya na namun daji. Na buɗe sha ɗaya kafin in zaɓa, biyu babu komai ciki.

Na namun dajin muka saka bayan isha. Baba, da ya ce ɓarnar kuɗi ce, ya jawo kujera har gaban talabijin yana ƙirga gashin bakin zaki. Ana tsakiyar farauta aka ɗauke wuta, faifan na ciki har yanzu.

Malam mai gyara, akwai yadda ake fito da shi ba wuta, ko in jira?